Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Sassan Zane, Gine-gine da Wasan Kwaikwayo na Manyan Makarantun Arewa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma neman afuwa tun kafin in fara, don na san ba tarbiyyar almajiri ba ce ya tsaya a bainar jama'a yana nuna wa malaminsa inda tawada ta zube. Ni ɗalibarku ce ta dā. Rini da saƙa da zanen tufafi na karanta a ɗaya daga cikin makarantunku, wadda ba zan kama sunanta ba, domin abin da ke tafe da ni ba ciwon gida ɗaya ba ne. Yanzu ina Kano da ɗan shagona, ina ɗinka wa 'yan fim da masu wasan dandamali kayan sawa, wani lokacin har da labule da shimfiɗar ɗakin da za a ɗauki fim a ciki.

Roƙona ɗaya ne. Ku halatta wa ɗalibai daga sassa daban-daban su haɗu a kan aiki guda, kuma ku ba su maki a kansa, makin da zai shiga takardar sakamako, ba "Allah ya yi albarka" kawai ba.

Bari in ba ku labarin da ya sa nake wannan roƙo.

A shekararmu ta ƙarshe an ce kowa ya fito da aikin kammala karatu. Nawa shi ne in rina ƙyallaye da baba, in fitar da zane iri-iri ta hanyar ɗauri da ɗinki, in kafe su a jikin allo, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya zo ya zagaya ya ba ni maki. Ina tsaka da wannan na haɗu da wata ɗalibar wasan kwaikwayo a layin mai buga takardu. Ita kuma wasan da ta rubuta za ta ɗora a dandamali, labarin wata bazawara da ta gaji karofin mijinta, kuma tana ta lissafin kuɗin hayar kaya daga wurin masu kayan biki. Na tambaye ta, matar marini ce za ta fito da leshi? Muka yi dariya, daga nan magana ta ƙullu. Ta jawo wani ɗan ajin ƙarshe a sashen zanen gine-gine don ya tsara mana dandamali, ni kuma na jawo wani ɗalibi mai aikin yumɓu don tuluna da tukwane. Mu huɗu ke nan. Sassanmu ba su fi tafiyar minti biyar tsakaninsu ba, amma shekara uku da ɗoriya ko sunan juna ba mu sani ba.

Kada ku ɗauka daɗi muka sha. Mun yi faɗa har na daina ƙirgawa.

Mai zanen gini ya kawo mana zane tsaf a ma'aunin 1:50, layuka kamar an yanka da aska, har da ƙofar zaure mai baka. Ranar gwajin farko jarumar ta taho da tulu a ka, sai ga tulu ya daki saman ƙofa. Shi mutum a tsaye ya auna, kamar yadda littafinsa ya ce. Bai auna gammo da tulu ba. Ya yi fushi, ya ce ta sauke tulun mana ta shigo. Mai wasan ta ce ai shigowar da tulu a ka ita ce wasan. Sai da ya kwana biyu yana kumbure-kumbure kafin ya ɗaga ƙofar. Mai yumɓu kuwa tulun da ya gina irin na baje koli ne, mai kauri, mai kyan gani, wanda in ka ɗora wa mace shi ta yi zagaye uku a dandamali sai an yi mata ɗorin wuya. Ya koma ya gina wani mara nauyi, biyu suka fashe a wuta kafin na uku ya tsira.

Ni ma ban tsira ba, kuma nawa ya fi ciwo don ina ji da kaina. Na tsoma ƙyallena sau da yawa har ya yi shuɗi mai duhu, irin wanda marina ke yabo. Da aka kunna fitilun dandamali masu jan haske, shuɗin nan ya mutu murus, ya koma baƙi, duk zanen da na ɓata makonni ina ɗaurewa ya ɓace daga layi na biyar na 'yan kallo. Babu malamin da ya taɓa gaya mini cewa launi bawan haske ne, domin a ajinmu kullum a hasken taga muke duba aiki. Wani yaro ɗan aji biyu mai kula da fitilu ne ya koya mini wannan cikin minti goma. Sannan ga gumi. Jarumar ta sauko daga gwaji wuyanta da hammatarta sun yi shuɗi, ta dube ni ta ce, "Ni kika rina ko zanen?" Na koma na sake rini mai haske, na ƙara girman zanen, na yi ta ɗauraya har ruwa ya fita fari.

A wata uku ɗin nan na san abin da sana'ata take fiye da yadda na sani a zango shida da suka gabata. Ba wai malamaina ba su koyar ba ne, Allah ya saka musu. Sun koya mini yadda ake yin abu. Abokan faɗana ne suka tilasta mini sanin don wa ake yin sa.

An yi wasa, zaure ya cika, har a taga mutane suka tsaya. Sai ranar ba da maki. Aka ce da ni ƙyallen da aka sa a jiki aka yi gumi a ciki ba zai hau allon jarrabawa ba, kuma tunda wani tela ya taya ni haɗa rigunan, ta yaya za a san inda hannuna ya tsaya? Dole na sake rina wasu a gurguje cikin kwana tara, na kafe a allo, kuma su aka duba. Mai zanen gini aka ce masa dandamali ba gini ba ne. Dama ya san haka za a ce, shi ya sa duk tsawon lokacin yana kwana a situdiyo yana zana wani katafaren rukunin shaguna mai hawa huɗu da gilasai, wanda shi kansa ya san ba za a taɓa gina shi ba. A kan wannan ya samu makinsa. Abin da muka gina da hannu, mutane suka shiga suka fita ta ƙofarsa, ko layi ɗaya bai samu ba a takardar kowa in ban da ta mai wasan. Ita ma an tambaye ta dalilin da ya sa ta "ɓata lokaci" a kan kaya.

Ban riƙe kowa a zuciya ba. Malamin da ya ce in sake aiki ƙa'ida ya bi, kuma ƙa'idar ce nake ƙara a gabanku. Ƙa'ida ce ta kowa ya iya allonsa ya wanke. Tana da kyau a makarantar allo, inda hadda ta mutum ɗaya ce. A sana'ar hannu ba ta taɓa zama gaskiya ba, kuma ba sai mun je Turai neman hujja ba.

Ku dubi laso, simintin kakanninmu. Magini ba ya iya haɗa shi shi kaɗai. Sai ya je marina ya samo katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin karofi bayan baba da toka sun gama aikinsu, wanda ake kwashewa a busar a ƙona a daka. Sai ya je majema ya samo gashin jima, gashin da aka kankare daga fatar awaki. Sai a samo dafara daga daji a jiƙa don danƙonta. Waɗannan ake cuɗawa a shafe rufin soro da bango don kada ruwan damina ya ci su. Abin da ya fi burge ni shi ne, da lason nan ake shafe cikin karofin kansa don ya riƙe ruwa. Wato sharar marini ita ce kayan aikin magini, aikin magini kuma shi ke riƙe da ruwan marini. Ni da na yi shekaru huɗu ina karanta rini, ba a aji na ji wannan ba, a bakin wani tsoho na ji shi a marinar Ƙofar Mata bayan na gama makaranta. Na tabbata a ranar da ake koya wa ɗaliban gine-gine darasin laso da makuba da azara, ba wanda ya ce musu su leƙa sashen da ke bayansu su ga yadda ake haɗa ruwan baba.

Haka babbar riga. Kafin ta hau wuyan mai ita ta bi ta hannun mai kaɗi, da masaƙi mai fitar da ƙyalle siriri, da mai haɗa ƙyallayen, da marini, da mabugi. Wanda ke zana aska takwas ko aska biyu a ƙirjinta sau da yawa malami ne da hannunsa ya saba da alƙalami da zayyana, wani dabam kuma ya bi zanen da allura. Dagin da ke jikin rigar shi ne a bangon zaure, shi ne a jakar baduku. Ba taro aka kira aka raba musu shi ba. Zama kusa da juna ne da leƙen aikin juna. Da za a kawo rigar nan gaban teburin jarrabawarmu, tambayar farko ita ce, "To, wanne ne naka a ciki?"

Kuma ku kanku, tarihin sassanku ya san wannan. Kusan duk wani sashen zane a Arewa jikan Zariya ne, ko ta malamai ko ta manhaja. A can ne a 1958, tun ana kiran wurin Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya: su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu. Kuna koyar da su a matsayin waɗanda suka ƙi yarda a raba su da fasahar gida. To ku dubi inda Demas Nwoko ya ƙare. Zanen fenti ya karanta a Zariya, ya tafi Faransa ya koyi tsara dandamali, ya koyar a makarantar wasan kwaikwayo ta Jami'ar Ibadan, sannan ya shiga gini, ya tsara wa limaman Dominican majami'arsu a Ibadan. A 2023 baje kolin gine-gine na Venice a Italiya ya ba shi lambar Zakin Zinare ta aikin rayuwa. Mutumin da ba shi da digirin gine-gine. Da a ƙarƙashin ƙa'idarmu ya taso, da tun a aji biyu an ce masa ya tsaya a layinsa.

A harabar jami'ar da ke Samaru kuma har yau akwai gidan wasan kwaikwayon nan na ƙasa da aka gina a shekarun 1970, wanda Ba'amurke mai zanen gini Steven Ehrlich ya tsara lokacin yana koyarwa a can, a zamanin da Michael Etherton ke jagorantar wasan kwaikwayo. Ɗakuna ne zagayayyu kewaye da fili, kamar tsakar gidan Bahaushe, kuma magina na gargajiya ne suka ɗora tubalinsa. Mai zane, da masu wasa, da masu cuɗa ƙasa, kowa ya saurari kowa. Ga shi a tsaye, gani ya kori ji. A cikin birnin Zazzau kuma ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda kuke kai ɗalibai su ɗauki hoton bakan gizonsa su dawo.

Wani abin dariya, ba abin dariya ba: a aji biyu an sa mun haddace tarihin Bauhaus, makarantar da Walter Gropius ya buɗe a Weimar ta Jamus a 1919, wadda ta tara masaƙa da maƙera da masu yumɓu da masu dandamali a inuwa ɗaya don su yi aiki tare. Mun rubuta shi a jarrabawa, mun ci. Kowane sashe ya rubuta tasa jarrabawar a nasa ɗakin.

Na san abin da za ku ce, domin na zauna da wasunku mun yi wannan muhawara.

Za ku ce aikin rukuni mafakar malalata ce. Wallahi gaskiya ne, na gani da idona: a ba mutum goma aiki, mutum ɗaya ya yi, tara su kawo kuɗin buga takarda a sa sunansu. Amma ku lura, wannan yana faruwa ne idan duk goman abu ɗaya suka iya, kowa na iya ɗaukar kayan kowa. A namu aikin babu wanda zai iya ɓuya. In ban rina ba, babu mai rinawa, jarumar za ta fito da atamfar gida. In mai yumɓu ya yi barci, babu tulu. Cima-zaune ba ya samun wurin zama a inda kowa ke riƙe da abin da ɗan'uwansa bai iya ba. Game da maki kuwa, ba abin da zai gagare ku ba ne. A raba shi biyu: kaso ɗaya na aikin gaba ɗaya, malaman sassan su zauna tare su duba shi a inda yake aiki, a dandamali ko a fili, ba a jikin allo ba, kaso ɗaya kuma na kowane ɗalibi, daga littafin aikinsa na yau da kullum, da gwaje-gwajen da suka lalace, da tambayoyin da malamin sashensa zai yi masa baki da baki. Ni da an tambaye ni dalilin da ya sa na sauya shuɗina, da na yi bayanin da ya fi duk abin da na rubuta a kundina.

Za ku ce hukumomi sun ɗaure muku hannu. A dā wataƙila. Amma tun ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito da sabon tsarin manhaja, CCMAS, inda ta tsara kashi 70 cikin 100 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Ga ƙofa a buɗe. Kwas ɗaya nake roƙo daga cikin kashi talatin ɗin nan, a aji uku, mai lamba ɗaya da sassa uku ko huɗu za su amince da ita. Na ce aji uku da gangan, don na san masu gine-gine suna da sharuɗɗan ARCON, hukumar da ke yi wa masu zanen gine-gine rajista, a wuyansu, kuma ba na son a ce na zo rushe aikin ajin ƙarshe. In an ga amfaninsa, sai a bar wanda ya so ya ɗora aikin kammalawarsa a kai. Ku na kwalejojin kimiyya da fasaha da ke ƙarƙashin NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, ku ma kuna da bakin magana a hedikwatarta can Kaduna, kuma ku kuka fi kowa yawan awannin aikin hannu.

Za ku ce babu kuɗi. Wannan ba zan musa ba. Sai dai mu huɗu da kuɗin abincinmu muka yi namu, kuma abin da ya fi ba mu wahala ba kuɗi ba ne. Makulli ne da jadawali. Ɗakin kafinta na wani sashe ne, ba a ba ɗan wani sashe zarto sai da takarda mai sa hannu uku. Murhun gasa tukwane ana kunna shi ne ranar da mai wasan ke da lacca. Ba mu da awa ɗaya a mako da dukkanmu muke sarari, sai bayan isha'i, kuma kun san abin da ake faɗa a kan ɗaliba mace da aka gani tana fitowa daga situdiyo ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Na sha wannan maganar, har gida ta kai. Yammacin rana ɗaya a mako da sassan za su bari babu lacca, da izinin shiga ɗakunan aikin juna ƙarƙashin kulawar ma'aikatan da ke wurin, ba su buƙatar ko sisi daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu.

Akwai kuma mutum na biyar da nake so a sa a kowane rukuni, wanda ba ɗalibi ba. Magini, ko marini, ko baduku, ko maƙeri, ko mai ginin tukwane daga cikin gari. Yanzu yadda ake yi, ɗalibi ya je da takardar tambayoyi, ya ɗauki tsoho hoto, ya kwashe abin da ya kwasa, ya rubuta kundi, sunan tsohon ya ƙare a shafin godiya in ya yi sa'a. Wannan ba haɗin aiki ba ne, yawon ci-rani ne a gonar wani. A kira shi malami, a biya shi kamar yadda ake biyan malamin wucin gadi, a ba shi kujera ranar duba aiki ya faɗi ra'ayinsa da Hausa. Ba sabon abu ba ne a wurinku. Ladi Kwali ba ta yi boko ba, a hannun 'yan'uwanta mata ta koyi gini kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta dā, wato Suleja, a 1954. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau kuma hotonta ne a bayan naira ashirin. A Jamhuriyar Nijar, masallacin ƙasa na garin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina, ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Irin waɗannan mutane suna nan a bayan katangar makarantunku, suna tsufa, 'ya'yansu suna komawa acaɓa.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne yaran da kuke turo mini koyon aiki na wata shida. Hannunsu yana da kyau, wasu sun fi ni iya kwamfuta nesa ba kusa ba. Amma ranar da darakta ya ce rigar nan ba ta yi da bangon ba, ko mai kyamara ya ce farin ya yi ƙyalli a sauya, sai ka ga yaro ya sandare, ko ya yi zuciya, ko ya ce shi ba haka aka koya masa ba. Bai taɓa jin wanda ba malaminsa ba ya ce masa a'a a kan aikinsa. Bai san yadda ake kare ra'ayi a gaban wanda bai san kalmomin sana'arsa ba, bai kuma san lokacin da ake sakin ra'ayi ba. Wata yarinya ta yi kuka a shagona saboda mai fitila ya ce koren da ta zaɓa zai mutu. Na zaunar da ita na ba ta labarin shuɗina.

In wani daga cikinku ya ga zai gwada, ko da rukuni biyu ne a zango mai zuwa, ni zan zo duk yammacin da kuka ware, da kuɗin motata. Tsohon nan na marina ma na yi masa maganar, ya ce zai zo in za a ɗauke shi a mota a mayar da shi kafin magariba, kuma a gaya wa yaran su zo da kayan da ba sa jin asararsu, don baba ba ya fita.

Allah ya ƙara muku lafiya da haƙuri da mu.

Wassalam,
Ɗalibarku ta dā, daga Kano.